Daga Kano zuwa Accra a kan babur: Abin da ayarin abokai ke buƙata kafin ya kama hanya

A ranar 29 ga Mayun 2022, wani ɗan Najeriya mai suna Kunle Adeyanju ya tsallako iyakar Seme a kan babur, bayan ya shafe kimanin kwana 40 yana tafe daga Landan. Ya ratso Faransa da Sifaniya da Maroko da Muritaniya da Senegal da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma, tafiyar da ta haura kilomita 12,000, domin tara kuɗin yaƙi da cutar shan-inna a ƙarƙashin ƙungiyar Rotary.

Labarai irin nasa da hotunan da ke yawo a shafukan sada zumunta sun sa wa mutane da dama sha'awar yin doguwar tafiya a kan babur. Mafi yawan masu wannan buri ba su da niyyar fita su kaɗai. Abokai ne da suka haɗu a kasuwa ko a ofis, suke son su yi amfani da hutu su ga ƙasa tare.

Tafiya cikin jama'a tana da rufin asiri, domin idan babur ya lalace ko wani ya faɗi, akwai mai kai ɗauki. Sai dai tana da nata haɗarin, musamman gasa da gaggawa da saɓani a kan kuɗi. Abin da ke raba ayarin da ya dawo gida lafiya da wanda ya watse a hanya shi ne tsari, kuma wannan tsari ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa.

Darasi daga ayarin fatake

A ƙarni na 19, fataken goro kan tashi daga Kano da Sakkwato zuwa Gwanja, inda kasuwar Salaga take a arewacin Ghana ta yau. Sukan ɗora wa jakuna kanwa da tufafi da kayan fata, su komo da goro, kuma zuwa da dawowa kan cinye watanni masu yawa.

Ayarin ba taron tsintsiya ba shara ba ne. Akwai madugu, uban tafiya, wanda maganarsa ce ta ƙarshe a kan ranar tashi da hanyar da za a bi da wurin da za a ya da zango. Akwai jagaba, masanin hanya da ke gaba. Akwai uban dawaki da ke taimaka wa madugu wajen tattara kuɗin da ake biya a garuruwan da aka ratsa. Akwai kuma malami da ke rubutu da addu'a.

Ƙungiyoyin masu hawa manyan babura a duniya suna da kwatankwacin wannan rabon aiki. Mutum ɗaya yana jagoranci a gaba, wani gogaggen mahayi yana rufe baya domin kada a bar kowa, wani kuma yana riƙe da asusu. Ayarin abokai da ya tashi ba tare da ya naɗa waɗannan mutane ba, zai naɗa su dole a bakin titi, cikin rana da fushi.

Yawan mutane ma abin lura ne. Babura huɗu zuwa shida sun fi sauƙin sarrafawa. Idan sun haura haka, gara a kasa su gida biyu, kowane da jagoransa, a riƙa haɗuwa a wuraren da aka yi alkawari.

Hanyar da zangunanta

Ana iya ɗaukar tafiya daga Kano zuwa Accra a matsayin misali, domin ta haɗa doguwar hanya da tsallaka iyakoki uku. Idan aka bi ta Abuja da Legas, nisanta ya kai kimanin kilomita 1,600.

Ayarin da bai son wahalar da kansa zai iya raba ta kwana biyar. Rana ta farko daga Kano zuwa Abuja ta Zariya da Kaduna, sama da kilomita 400. Ta biyu daga Abuja zuwa Akure ta Lokoja da Okene da Owo, ita ma kusan haka. Ta uku daga Akure zuwa Legas ta Ibadan. Ta huɗu a tsallaka iyakar Seme zuwa Jamhuriyar Benin, a wuce Kwatano, a shiga Togo ta Hillacondji, a kwana a Lome. Ta biyar a tsallaka Aflao, wadda ke manne da Lome, a ƙarasa Accra.

A taswira, ranaku biyun ƙarshe su ne mafi gajarta, domin tsakanin Legas da Accra bai kai kilomita 500 ba. Amma su ne suka fi cin lokaci, saboda a kowace iyaka sai an bi ta hannun jami'an shige da fice da na kwastan da na lafiya, a ɓangaren fita da kuma na shiga. Babura shida na nufin takardu kashi shida, kuma ayari ba ya motsawa sai na ƙarshe ya gama.

Wata fa'ida ga Bahaushe a wannan hanya ita ce kusan duk inda ya sauka zai tarar da 'yan uwa. Akwai Sabo a Ibadan da Agege a Legas, akwai unguwannin Zango a Kwatano da Lome, sannan akwai Nima da Sabon Zango a Accra. Sunan Zango kansa gadon fatake ne. A waɗannan unguwanni ake samun masallaci da abincin da aka saba da masu canjin kuɗi, da kuma sahihin labarin halin da hanyar gaba take ciki. Wanda ke da sauran kwanaki zai iya ƙara kimanin kilomita 250 zuwa Kumasi, ko ya nausa arewa ya ga Salaga da idonsa.

Wane babur ya dace?

Mutane da yawa na ɗauka cewa sai da ƙaton babur mai tsada ake doguwar tafiya. Gaskiya ne cewa babur mai injin cc 500 zuwa sama ya fi jure gudu na tsawon sa'o'i, ya fi ƙarfin birki, kuma ya fi daɗin zama. Amma idan wani ƙarfe ya karye a jikinsa a tsakanin Okene da Owo, mai yiwuwa sai an aiko da shi daga Legas ko ma daga ƙasar waje. Ƙananan babura irin su Bajaj da TVS da Haojue kuwa, da wuya a shiga garin da babu bakanikensu da kayan gyaransu. Illarsu ita ce ba a ƙera su don dogon gudu ba, injinsu kan yi zafi, kuma dokokin wasu birane sun taƙaita zirga-zirgarsu.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne baburan ayari su yi kusa da juna a ƙarfi. Idan aka haɗa mai cc 125 da mai cc 1,200, ko dai babban ya gaji da jira, ko ƙaramin ya tilasta wa injinsa abin da ya fi ƙarfinsa.

Tarihi ya ajiye misalai biyu masu amfani. A watan Janairun 1952, Ernesto Guevara, wanda duniya ta sani daga baya da Che, da abokinsa Alberto Granado sun tashi daga Ajantina su biyu a kan tsohon babur ƙirar Norton mai cc 500, sun labta masa kaya. Baburin ya sha faɗuwa da gyara har ya mutu murus a Chile, suka ƙarasa tafiyar a ƙafa da manyan motoci da jiragen ruwa. A 2007 kuma, 'yan wasan fim Ewan McGregor da Charley Boorman sun tashi daga arewacin Scotland zuwa Cape Town a Afirka ta Kudu a kan baburan BMW cikin kwana 85. Abin da mai kallon shirin nasu kan manta shi ne akwai motoci da ma'aikata da ke mara musu baya. Ayarin abokai ba shi da wannan gata, don haka dole ya zama shi ne bakaniken kansa.

Ya kamata a kai kowane babur gareji aƙalla mako biyu kafin tafiya, a duba tayoyi da birki da kaca da fitilu da batir, a juye baƙin mai. Daga nan a yi tafiyar gwaji ta yini guda da cikakken kaya, kamar daga Kano zuwa Katsina a dawo. A irin wannan gwaji ne ake gane ɗaurin kayan da ke kwancewa da kujerar da ke sa ciwon baya, da kuma abokin da ba ya jin magana.

Kayan gyara kuma a raba su tsakanin mahaya: kayan faci da famfo, fulogi, wayar kuloci, ƙwan fitila, man kaca, sifanu da igiya. Kowace safiya kafin a tashi, a duba iskar taya tun tana da sanyi, a duba baƙin mai da ɗaurin kaca. Kaya masu nauyi a ɗaure su ƙasa-ƙasa kuma kusa da tsakiyar babur, domin nauyin da ya taru a can baya yana sa gaba ta yi sakayau, kan babur ya riƙa rawa.

Takardun da ba a tafiya sai da su

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta bai wa ɗan kowace ƙasa a ƙungiyar damar shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Wannan dama ta mutum ce, shi kuwa babur yana da nasa sharuɗɗan.

Mahayi na buƙatar fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS da wa'adinta bai ƙare ba, da katin rigakafin cutar shawara mai launin rawaya, da lasisin tuƙi rukunin A wanda shi ne na babur a Najeriya, tare da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa. Babur kuma na buƙatar lamba da takardun rajista da shaidar mallaka masu ɗauke da sunan mahayin. Idan na aro ne, sai da rubutaccen izinin mai shi. Lambar inji da ta gangar jiki dole su dace da abin da ke takarda, domin harafi ɗaya da ya saɓa ya isa ya tsare ayari yini guda.

Sai inshorar ECOWAS da ake kira Brown Card, wadda aka kafa a 1982. Ita ce ke ɗaukar nauyin diyyar wanda mahayi ya yi wa rauni ko ɓarna a wata ƙasar ƙungiyar, kuma a kamfanonin inshora ake samun ta tun daga gida. A kowace ƙasa kuma, kwastan kan bayar da takardar izinin shigar da abin hawa na wucin gadi, wadda ake nema a hanya da kuma lokacin fita. A karɓi rasit a kan duk kuɗin da aka biya, a ɗauki hoton kowace takarda a waya, a kuma ajiye kwafi a jakar wani abokin tafiya.

Masu tunanin bi ta arewa su sani cewa ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata a ranar 29 ga Janairun 2025. Duk wanda hanyarsa za ta ratsa waɗannan ƙasashe, wajibi ne ya tuntuɓi ofishin jakadancinsu ya ji sharuɗɗan da ke aiki a lokacin tafiyarsa. Ma'aikacin gwamnati kuma ya tabbatar hutunsa a rubuce yake, kuma ofishinsa ya san zai fita ƙasar waje.

Yadda ayari ke tafiya a kan titi

Babur da ke gudun kilomita 100 a sa'a yana cinye kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Kafin idon mahayi ya ga rami, ƙwaƙwalwa ta yanke shawara, hannu ya kai ga birki, ya riga ya wuce tsawon tirela. Haka kuma idan gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke buƙata kafin ya tsayar da babur yana ninkawa huɗu. Wannan lissafi shi ne tushen duk ƙa'idojin tafiya a jere.

A miƙaƙƙen titi mai kyau, mahaya kan jeru a karkace: na farko a ɓangaren hagu na layinsu, na biyu a dama a bayansa, na uku a hagu, haka har ƙarshe. Kowa ya bar tazarar aƙalla daƙiƙa biyu tsakaninsa da wanda ke gabansa kai-tsaye. A wurin kwana ko ramuka ko ruwan sama, sai a koma layi ɗaya a ƙara tazara. Ba a jerawa kafaɗa da kafaɗa, domin wanda ya zo kauce wa rami ba shi da wurin kaucewa sai jikin abokinsa.

Sabon mahayi a bayan jagora yake zama, domin saurin ayari ya daidaita da nasa. Idan aka bar shi a ƙarshe, zai riƙa gudun da ya fi ƙarfinsa don kada a tsere masa, kuma a nan haɗari ya fi aukuwa. Wajen wuce babbar mota, kowa ya wuce shi kaɗai bayan ya ga hanya da idonsa. Bin bayan aboki a makance ya sha jefa mahaya a gaban motar da ke tahowa.

Kafin a tashi, a amince da alamun hannu na tsayawa da rage gudu da rami da ƙarewar mai, a kuma faɗi wurin haɗuwa na gaba. Kowa ya riƙa duba na bayansa a madubi. Idan ya daina ganin sa, ya rage gudu ya tsaya, ta haka saƙon zai isa ga jagora.

Batun mai shi ma na ayari ne gaba ɗaya. Babur mafi ƙaramin tanki shi ke ƙayyade inda za a tsaya, kuma idan ɗaya ya sha mai, kowa ya sha. A cika tanki tun yana rabi a gidan mai sananne, domin man 'yan bumburutu na iya zuwa da ruwa ko datti.

Jiki, lokaci da yanayi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗurran hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a duk shekara, kuma sanya hular kwano mai inganci yadda ya kamata na rage haɗarin mutuwa fiye da ninki shida, yana kuma rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da kusan kashi 74 cikin 100. A Najeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sanya ta tun 1 ga Janairun 2009. Don doguwar tafiya, wadda ta rufe fuska da haɓa ita ce ta dace, a kuma ɗaure igiyarta. Sai riga mai kauri da safar hannu da takalmin da ya rufe idon sawu. Babbar riga da rawani da silifa a naɗe su a jaka sai an sauka, domin bakin riga na iya shiga kaca ko taya.

Gajiya ba ta sallama. Iska da rana suna zuƙe ruwan jiki ba tare da mahayi ya ji gumi ba, sai dai ya ga hankalinsa ya fara yawo. Shi ya sa ake so a tsaya bayan kowace sa'a ɗaya da rabi zuwa biyu, a sha ruwa, a miƙe ƙafa. Kilomita 300 zuwa 400 sun isa tafiyar yini, a tashi bayan gari ya waye, a sauka tun kafin Magariba. Sassaucin da addini ya yi wa matafiyi na yin kasaru yana taimakawa wajen tsara lokutan hutu. Magungunan hana barci da na ƙara kuzari kuwa ɓoye gajiya kawai suke yi, ba sa kawar da ita.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ɗaukewar damina, daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba. A tsakiyar hunturu hazo na rage gani, a bazara zafi a arewa kan haura digiri 40, da damina kuma santsi da ramukan da ruwa ya rufe su ne abin tsoro, musamman a kudu inda ruwan ya fi daɗewa.

Tsaro da dokokin gari

A yankuna da dama babur ya zama abin zargi saboda yadda 'yan bindiga ke amfani da shi. Kano ta hana acaɓa tun Janairun 2013. Jihohi irin su Zamfara da Katsina da Kaduna sun taɓa taƙaita zirga-zirgar babura da sayar da mai a jarka a 2021. Dokar Legas kuma ta hana baburan da injinsu bai kai cc 200 ba hawa manyan tituna da gadoji da dama. Waɗannan dokoki na sauyawa, don haka a bincika halin kowace jiha kafin a shige ta.

Jerin babura da mutane masu rufaffun fuskoki na iya tayar da hankalin ƙauye ko jami'in da ke shingen bincike. Ladabin shinge shi ne a rage gudu tun daga nesa, a buɗe gilashin hula, a yi sallama, a bar mutum ɗaya ya yi magana da yawun kowa. Ba a ɗaukar hoton shinge ko barikin soja. Ba a kuma yaɗa inda ake a Facebook ko TikTok sai an bar wurin. Wani amintacce a gida ya riƙe jadawalin tafiyar, a riƙa kiran sa safe da yamma. Lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122, ta ƙasa baki ɗaya kuma 112. Kowane mahayi ya ɗauki ƙaramin kati mai ɗauke da rukunin jininsa da cutar da yake fama da ita da lambar danginsa, kuma a samu aƙalla mutum ɗaya da ya iya taimakon gaggawa.

Kuɗi da zumunci

Tafiyar za ta ratsa kuɗi iri uku: Naira, Sefa a Benin da Togo, da Sidi a Ghana. Tun bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, mai ya zama kaso mai nauyi a kasafin kowace tafiya, sai masauki da abinci da kuɗin takardu a iyaka. Hanya mafi sauƙi ita ce kowa ya zuba daidai a asusu ɗaya don abin da aka yi tarayya a kai, ma'aji ya riƙa rubutawa yana karanta lissafi kowane dare. Kowa kuma ya riƙe nasa kuɗin ko-ta-kwana wanda zai isa a ɗora baburinsa a mota zuwa gida.

Akwai tambayoyin da suka fi daɗin amsawa a zaure kafin a tashi. Idan babur ɗaya ya lalace, kowa zai jira ne ko mutum ɗaya zai zauna da mai shi? Idan wani ya kwanta rashin lafiya, wa zai raka shi gida? Idan ɗan kasuwa ya samu kiran gaggawa daga shago, ko hutun ma'aikaci ya zo ƙarewa, ina za a juya? Ayarin da ya bar kwana ɗaya ko biyu a jadawalinsa ba tare da ya tsara musu komai ba, shi ne ke da sararin warware irin waɗannan matsaloli ba tare da an yi tafiyar dare ba.

Hausawa na cewa sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Fataken da suka kai Gwanja suka dawo, tafiyar jakin da ya fi kowa nauyin kaya suka bi, kuma madugu kan ƙirga mutanensa a kowane zango. Ga abokan da ke shirin fita a bana, aikin farko shi ne su zauna su naɗa madugunsu da mai rufe baya da ma'aji, sannan su sa ranar tafiyar gwaji.